Man da Motar Baba Ke Sha

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Ya aiki, ya kuma ciwon bayan nan naka? Mu nan alhamdu lillahi. Baba yana cin abinci, hannun daman da ya shanye ya fara ɗan motsi, amma magana har yanzu shiru.

Takarda na zaɓa saboda a waya ba ka barin mutum ya kai aya. Mama ta gaya mini ka ce ranar Asabar ta sama za ka turo dillali ya ja motar Baba. Wai an kara wa dillalin waya a jikin injin, ya saurara, ya ce ya gama yawo. Yaya, ko likita ba ya duba mara lafiya haka.

Na san hujjarka. Kullum da safe in na tayar da motar zan tafi makaranta, da na fara hawan tudun nan na ƙofar gida sai Baba ya ɗauki kofi da hannun hagu ya yi ta dukan ƙarfen gado har ruwan ya zube. Kai ka fassara cewa motar ce ke tuna masa ba zai ƙara tuƙi ba, likita kuma ya ce a guji tayar masa da hankali. Ni ma abin yana ci mini rai, sau da yawa da hawaye nake isa aji.

Ban kuma musa cewa tana ƙara ba. A hawa sai ka ji kamar an zuba tsakuwa a gwangwani ana kaɗawa, ni kuwa sai in ƙure rediyo. Amma motar da ta shekara arba'in a hannun Baba, wadda ko jingina da ita bai yarda mu yi ba, ba za ta bar gidan nan yana kwance ba ya iya cewa uffan ba. Makulli yana jakata. Na aika a kira Kawu Guntu, tsohon bakaniken Baba, ya zo ya duba ta da idonsa.

Ka gai da Anti, ka shafa mini kan yara.

Ƙanwarka,
Auta

*

Yayana,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan bayan ya yi sauƙi, kuma fushin da Anti ta ce kana yi da ni ya sauka. Idan bai sauka ba ka riƙe shi da kyau, yau zan ƙara maka dalili.

Kawu Guntu ya zo jiya da sandarsa. Bai ko buɗe bonet ba, ya shiga gefena ya ce in ja. Abu na farko da ya yi shi ne kashe rediyo. Muna kama hawa ƙarar ta taso, ya runtse ido kamar an taka masa ƙafa, ya tambaye ni inda nake shan mai. Na ce nan bakin kwana, ga shi kusa, ba layi. Kallon da ya yi mini, da ƙasa za ta tsage da na shige.

Ka tuna yadda Baba ke ƙetare gidajen mai uku ya tafi can bayan gada, mu yi ta tsokanarsa wai hira yake zuwa yi da mai ba da man? Har kai ma kana cewa fetur ai fetur ne. To, ba haka ba ne. Kawu ya ce irin wannan tsohon injin yana matse mai da iska sosai kafin fulogi ya ba da wuta. Fetur kuma yana da lamba, okten suke ce mata, ita ke nuna yadda yake jure matsi. Mai ƙaramar lamba ba shi da haƙuri, sai ya fashe da kansa ba a kan lokaci ba, ya daki kan fistin, ƙarfen da ke matse man. Dukan nan shi ne tsakuwar da nake ji. Gidan man bayan gada ne kaɗai ke da famfon mai babbar lamba.

Wato wata takwas ke nan ina ɗura mata abin da ke cin ta, ina kuma yaba wa kaina wai na rage wa gida wahala. Yaya, kunya kamar ta kashe ni. Laifin nawa ne, na ɗauka, ba na neman mai taya ni. Amma tunda ni na yi ɓarna, ba motar za a kora ba. Gobe Kawu zai zuƙe tankin, ya kwance kan injin mu ga iyakar abin da na yi.

Dillalinka ya kira ni sau biyu. Na gaishe shi da ladabi, na ce masa gidan nan babu abin sayarwa.

A gai da kowa da kowa.

Mai taurin kan nan taka,
Auta

*

Yayana abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma yi wa ƙaramin naku sannu da zazzaɓi, Allah ya ƙara sauƙi. Na ga saƙonka cewa Asabar tana nan daram, har da kai za a zo. Madalla, dama Mama tana kewarka.

An buɗe injin. Kan fistin ɗaya ya yi ƙananan ramuka, ringinsa ya karye. Kawu ya canja ringin, ya daidaita taimin, wato lokacin ba da wuta, amma bai ɓoye mini ba, ya ce tabon nan ya zauna, ba za ta koma yadda Baba ya bar ta ba. Na yi kukana a bayan gareji, na share, na je bayan gada na cika tanki.

Shekaranjiya da safe na roƙi Mama ta zauna kusa da Baba ta buɗe taga. Na tayar da mota, ban kunna rediyo ba, na kama hawa. Ta haye sumul. Na juyo na sake hawa har sau uku, maƙwabta suna leƙe. Da na shigo ɗakin, kofi yana kan tebur cike da ruwansa. Mama ta ce tun hawan farko ya miƙa hannu zai ɗauka, sai ya tsaya, ya karkata kai wajen taga yana saurare.

Ka gane ke nan? Ba baƙin cikin tuƙi ke sa shi dukan gado ba. Yana jin ana kashe masa inji kullum safiya, yana kirana da abin da ya rage masa, ni kuwa ina can na ƙure waƙa. Mu duka mun zauna muna tausayinsa, ba wanda ya tsaya ya fahimce shi. Wannan ya fi fistin ɗin yi mini ciwo.

Na durƙusa gaban gadon na faɗa masa komai, har zancen dillali da ranar Asabar, don ba yaro ba ne da za a yi ta ɓoye masa. Na ciro makullin na sa masa a hannun hagu, na ce abin da ya ga dama shi za a yi. Ya daɗe yana juya shi. Sannan ya ƙwanƙwashe ni da shi a goshi, da zafi kuwa, har Mama ta yi dariya. Ya kamo hannuna ya danƙa mini, ya rufe yatsuna a kai.

Don haka mai mota ya yi magana, Yaya. Ka zo ranar Asabar, ni zan ɗauko ka a tasha da ita. Idan har yanzu kana da ja, ɗakinsa a buɗe yake, ka shiga ka gaya masa da bakinka.

Ina gai da Anti da yara. Allah ya kawo ka lafiya.

Ƙanwarka,
Auta