Rasuwar Sista Akenese da Roƙonmu Kan Makwancinta

Cikin alhini mai nauyi, da fargabar da ba za mu ɓoye wa kowa ba, Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai ta Kwalejin 'Yan Mata ta Santa Lusia da ke Vaitolu take sanar da Mai Girma Bishop, da masu sarautar ƙauyukanmu, da iyalan Faumui na tsibirin Savai'i, mahaifar marigayiya, da ɗaukacin jama'ar Samoa na gida da na ƙetare, cewa ta samu labarin rasuwar uwarmu kuma malamarmu, Sista Akenese Faumui, wadda Ubangiji ya kira a safiyar Talata, a ɗakinta na bayan cocin makaranta.

Marigayiyar ita ce ta ƙarshe cikin Sistoci uku, matan da suka keɓe rayuwarsu ga hidimar coci, da suka kafa wannan kwaleji, a zamanin da ake ganin karatun 'ya mace ya ƙare da zarar ta iya saƙar tabarma da dafa gwaza. Biyu Turawa ne daga Niyu Zilan, ita kuwa budurwa ce da ta bar gidan iyayenta ta bi su. Mai sarauta marigayi Tuimavave Sione ne ya ba su filin, da baki, a gaban dattawa, kamar yadda ake ba da ƙasa a wurinmu. A rumfar ganyen kwakwa suka fara, ga shi yau likitoci da alƙalai da malamai na kiran kansu 'ya'yanta. Mu da muka kwana a coci shekarar da guguwa ta yaye rufin makaranta ba za mu manta da safiyar ba: muna ta rusa kuka, ita kuwa ta naɗe hannun riga ta dubi shugabar ɗalibai ta ce, "Ke 'yar nan, in kin gama kukan ki zo ki riƙe min tsani." Ba ta da sanyin baki, kuma babu wadda ta fita daga hannunta ba ta iya tsayuwa da ƙafarta ba.

Wajibi ne mu faɗi abin da ke hana mu sukuni. Kowa ya san mu mutane ne da ke binne namu a ƙofar gida, kuma ƙasar da mamacinka ke kwance a cikinta ba mai tashinka daga kanta. Sistoci biyu na farko da suka tsufa an mayar da su garinsu, can aka binne su, ba wanda ya hango abin da hakan zai jawo. Yau kwalejin nan ba ta da kabari ko ɗaya. Magadan wanda ya ba da filin sun daɗe suna karɓar baƙi masu neman wurin gina otal a bakin teku, kuma kunyar idon Sista kaɗai ta hana su magana. Ranar Laraba, gawa ba ta ko bar asibitin da aka ajiye ta ba, ɗalibai suka ga mutane da igiyar awo a bayan ɗakin kwanansu. Tun daga lokacin iyaye ke bugo waya suna tambaya ko su zo su kwashe 'ya'yansu. Tsoro muke ji.

Zuwa ga Mai Girma Faumui Petelo, ɗan wan marigayiya kuma shugaban iyali: mun ji abin da ka faɗa wa wakilanmu a zaman makoki, cewa "Gwaggonmu ce kafin ta zama Sistarku. Kun riƙe ta tun tana budurwa, yanzu ku bar mana ita mu riƙa share kabarinta kusa da na uwarta." Ranka ya daɗe, ba mu da bakin musa wannan, gaskiyarka ce tsantsa. Sai dai a makon da ya wuce, da ni mai sa hannu a wannan takarda na je duba ta, ta kama hannuna ta ce, "Losa, kada ku bari a sa ni a jirgi. Ku kwantar da ni a bakin ƙofar aji, in riƙa jin takun wadda ta makara." Dariya na yi a lokacin. Yanzu na gane ta riga mu ganin abin da ke tafe.

Muna roƙon Allah Maɗaukaki ya ba ta hutawa ta har abada, ya haskaka makwancinta, ya ba iyalanta da cocinmu juriyar wannan babban rashi.

Mun san jirgin ruwan da zai kai ta Savai'i zai tashi ranar Asabar. Ranar Juma'a za mu zo ƙofar gidanku da tabarmin daraja da iyayenmu suka bar mana, mu zauna a ƙasa, kamar yadda ake roƙo a al'adarmu, har ku yi magana. Ɗalibai sun riga sun share wurin da ta nuna, sun kewaye shi da fararen duwatsu. Ba mu sa shebur ba, kuma ba za mu sa ba sai kun ce mu sa.

Sa hannu:
Losa Tapuai-Meleisea
Kakakin Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai
Kwalejin 'Yan Mata ta Santa Lusia, Vaitolu