Katin da Ba a Yi wa Alama Ba

Zuwa ga uwargida,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina cikin ƙoshin lafiya, ke da mai jego da jaririn. Yaya ciwon gwiwarki? Ki gaya wa babbar 'yarmu kada ta yi gaggawar komawa aiki. Gida lafiya, sai dai ƙaramar tukunyarki ta ƙone a hannuna, kuma na amsa laifina tun kafin ki dawo.

Kin san ni da waya, minti biyu magana ta ƙare mini, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ranar Litinin Darakta ta kira ni ofishinta. Ta ce ma'aikatan cibiyarmu sun yi kaɗan, biyu sun ajiye aiki a bara, ga masu fama da shaye-shaye da masu ciwon damuwa kullum ƙaruwa suke yi. Jami'a za ta yi ranar baje kolin sana'o'i, kuma ni za a tura in jawo hankalin ɗalibai zuwa wannan aiki. Na tuna mata cewa ni ne mutumin da ke iya wuni bai furta kalma goma ba. Ta ce ai ɗaliban sun gaji da masu surutu. Har yanzu ban gane ko yabo ta yi mini ko zolaya ba.

An ba ni jawabi a rubuce, wanda ke cewa aikinmu aikin ceton rayuka ne. Ban musa ba. Shekara ashirin da biyu ina zaune a ɗaki mai kujera biyu ina sauraron mutane, kuma ban yi nadama ba. Amma na tuna lokacin da Auta take ƙarama ta tambaye ni aikina, na ce mata a asibiti nake, na bar zancen a nan. Da ta zo zaɓen abin da za ta karanta, ni na karkata ta zuwa shari'a. To da wane baki zan tallata wa 'ya'yan mutane abin da na kawar da tawa daga gare shi? Kuma jami'ar ita ce wadda Auta take. Ban sanar da ita zan zo ba, ban kuma san dalilin da ya hana ni ba.

Wani abu kuma. Kin san ƙa'idarmu: idan muka haɗu a waje da wanda muke kula da shi, ba ma fara gaishe shi, don kada mu tona masa asiri, sai in shi ya fara. Kin taɓa yi mini faɗa a kasuwa a kan haka, kika ce na wuce mutum kamar itace. Yanzu an ce in tsaya a bayan tebur ina kiran duk mai wucewa. Ban san yadda ake yi ba.

Ki shafa mini kan jaririn.

Mijinki, wanda kike kira Malam Shiru.

Zuwa ga uwargida,

Ina gaishe ki da kyau, tare da fatan kowa yana lafiya. Saƙonki game da tukunya ya iso, kuma na karɓi hukuncin.

Abin da zan rubuta yau ban tabbata ina da izinin rubuta shi ba, don haka watakila in riƙe takardar.

Mun je jami'ar ni da Sista, babbar ma'aikaciyar jinyarmu. An ajiye teburinmu tsakanin na wani banki da na wani kamfanin waya. Su suna rabon huluna da alƙaluma, mu kuwa takardu muka kawo da alawa kwano ɗaya. Ɗalibai suna zagaye mu kamar an ce akwai kunama a ƙarƙashin teburin. Wani ya tura abokinsa wajenmu yana ce masa ga 'yan gidanku sun zo ɗaukarka. Sista ta ce masa motar tana da wurin mutum biyu. Daga wannan dariyar ne aka fara matsowa.

Dabarar katin ma tata ce. Kowane kati yana da gurbi biyu da ake sa alama: na farko ga mai sha'awar koyon aikin, na biyu ga mai son a kira shi ya yi magana da wani. A ninke ake jefa shi cikin akwati, saboda haka mai kallo ba zai san abin da ya kawo mutum ba. Jawabin da na haddace sau uku kawai na yi shi, kuma kowane karo ya fito kamar karatun sanarwa.

Bayan azahar na ɗaga kai, sai ga Auta tsaye a gabana. Uwargida, ban gaishe ta ba. Ban yi niyyar haka ba. Mutum ya tsaya a gaban teburin cibiya, jikina ya yi abin da ya saba: na sunkuyar da ido, na miƙa mata kati, na ce ana iya cikawa a ninke. Ta ɗan jira, tana kallona. Sannan ta rubuta, ta ninke, ta jefa, ta tafi. Sista ba ta gane ta ba, rabonta da ita tun tana firamare.

Da muka buɗe akwatin a ofis, kati talatin da ɗaya muka samu. Takwas na neman aiki ne, ashirin da biyu na neman a kira su. Mun je neman ma'aikata, mun dawo da aiki. Na ƙarshen rubutun Auta ne, da sunanta da lambarta, amma ba alama ko ɗaya.

Tun ranar nake juya wannan kati a zuciyata. Idan gurbin farko take nufi, to 'yata tana son aikin da na ɓoye mata. Idan na biyu ne, to akwai abin da ke cin ta ban sani ba. Akwai lokacin da na kama kaina ina tunanin wanne ya fi sauƙin faɗa wa dangi, kuma na ji kunyar wannan tunani ƙwarai. Dokar aikinmu ta hana ni taɓa batun duk wanda muke jini ɗaya da shi, saboda haka katin yana hannun Sista, kuma ba za ta gaya mini komai ba. Sau biyu na kira Auta. Duka biyun na tambaye ta ko an gyara makullin ɗakinsu.

Ki sa mu a addu'a.

Mijinki, Malam Shiru.

Zuwa ga uwargida,

Gaisuwa da fatan alheri a gare ki da mutanen gidan baki ɗaya. Za ki ga takarda biyu a ambulan ɗin nan. Ki fara karanta ɗayar, wadda na riƙe kwana tara, sannan ki zauna kafin ki ci gaba da wannan. Auta ce ta ba ni izinin aiko duka biyun. Ta ce ni in rubuta miki, tunda na fi ta iya auna magana.

Ranar Laraba na fito daga ɗakina riƙe da fayil, na gan ta zaune a bencin jira, kusa da ƙofar Sista. Na rasa ko uba ne ni a wurin ko ma'aikaci. Ita ta raba gardamar, ta ce Baba.

Mun zauna a bencin ƙarƙashin bene. Tun jarrabawar bara barci ya ƙaurace mata, wata ƙawarta ta ba ta ƙwayar barci. Daga ɗaya ta kai huɗu, kuma yanzu in ba ta sha ba hannunta rawa yake yi. Ta zo teburin ne don ta gaya mini. Ashe ta san ƙa'idarmu tun tana yarinya, daga faɗanki na kasuwa ta ji ta. Da ta ga ban gaishe ta ba, sai ta ɗauka na karanta komai a fuskarta, na kuma karɓe ta kamar yadda nake karɓar sauran, ba tsawa ba tambaya. Ta ce wannan ne ya ba ta ƙarfin rubuta lambarta. Alamar ce kawai hannunta ya kasa sawa a gabana.

Amma abin da take gode mini a kai ban yi shi ba. Sai na gaya mata gaskiya: ban ga komai ba. Shekara ashirin da biyu ina gane wannan ciwo a fuskar baƙi tun daga bakin ƙofa, amma ramar 'yata na ɗora wa karatu. Na zaci za ta yi kuka. Dariya ta yi, irin taki, har ta share ido, ta ce ashe Malam Shiru ne kawai ya yi halinsa. Ban san ko in gode wa wannan kuskure ko in nemi gafara a kansa ba. Ina jin duka biyun zan yi.

Likita ya gan ta. Ya ce ba a yanke maganin lokaci ɗaya, a hankali za a rage, kuma yana da kyakkyawan zato. Ina roƙonki idan kin kira ta kada ki fara da tambayar wace ƙawa ce. Ki tambaye ta ko ta ci abinci.

Darakta tana jiran rahoto a kan ko tafiyar ta yi nasara. Na rubuta layin farko sau huɗu na yaga.

Auta ta kafa mini sharaɗi ɗaya. A cikin ginin ban san ta ba, Sista ce tata. Amma daga bakin ƙofa zuwa waje, ubanta take so. Jiya ta zo ganawarta ta biyu. Na wuce ta a baranda ban ɗaga ido ba, kamar yadda ta nema. Da aka tashi na riga ta fita, na tsaya a wajen ƙofar inda kowa ke wucewa, kuma tana fitowa ni na fara gaishe ta.

Ki dawo da wuri idan mai jego ta samu ƙarfi.

Mijinki, Malam Shiru.