An Sa wa Ƙungiyar Waya Sunana

Zuwa ga Hajiya Bilkisu, mai filin shawara.

Assalamu alaikum. Yau Juma'a, sha takwas ga Yuli. Na tashi da ciwon gwiwa, sanyin daminar nan ya shiga ƙashina, har ban iya zuwa masallaci ba, a kan kujera na yi azahar. Tarin da nake fama da shi ya ɗan lafa, amma rubutuna ba kamar da ba ne, sai ki yi haƙuri da shi. Ki taimake ni da shawara, 'yata, domin ba ni da wanda zan faɗa wa wannan magana bai kai ta bakin titi ba.

Shekaruna tamanin da ɗaya, a unguwar Maamobi nake zaune. Na yi makaranta tun zamanin da malami ke duba farcen ɗalibi kafin ya duba littafinsa, na kuma yi aikin akawu shekara talatin. Matata ta rasu shekara shida ke nan. 'Ya ɗaya Allah ya ba mu, ita ma ta riga ni. Abin da ya rage mini shi ne ɗanta, Muftahu, wanda ubansa ya tafi da shi Amurka yana ɗan shekara sha ɗaya. Yanzu shekarunsa talatin da uku, yana tuƙin tasi a can. Ya zo hutun wata guda, ya sauka a gidan dangin ubansa a unguwar Nima, maƙwabciyar tamu, kuma jirginsa zai tashi ranar Lahadi ta makon gobe. Kwana tara ke nan.

Mutane suna dawowa daga turai da ilimi ko sana'a. Nawa jikan ya dawo da besbol. Idan ba ki san shi ba, Allah ya raba ki da wahala. Ƙato ne zai tsaya riƙe da kulki kamar mai gadin kanti, a jefo masa ƙwallo, ya kai duka sau uku bai samu ba, ya koma ya zauna, ba kunya. In kuwa ya dace ya buga ta ta fice daga filin, wai shi ne hom-ron, sai ya zagaya a hankali kamar mai neman makullinsa da ya faɗi, jama'a na tafi. A zamaninmu wanda ya harba ƙwallo waje shi ke tsallaka kwata ya ɗauko ta, ya dawo ya tarar da zagi. Na san abin da nake faɗa. Na tsare raga wa ƙungiyar unguwarmu shekara bakwai, kuma duk wasan da aka watsa a rediyo na rubuta shi a littafi, wanda ya ci da mintin da ya ci, shekara da shekaru. Littattafan suna nan a akwatina, guda ashirin da uku.

Amma ko besbol ɗin ma ba shi suke yi ba. Wani abu suke yi a waya, wai fantasi. Kowa zai tsinto sunayen 'yan wasa daga ƙungiyoyin Amurka, ya jera su, ya ce ƙungiyarsa ce. In ɗan wasan ya yi abin kirki a can, a ba wa wannan maki a nan. Mutanen da ba su san an haife shi ba, shi ne wai mai gidansu, yana korar wannan yana ɗaukar wancan. Muftahu ya shafa wa abokansa na Nima wannan ciwo tun yana can. Akwai wani Ƙasimu, mai aski a Alajo, wanda na tabbata bai taɓa wuce garin Tema da ke nan kusa da mu ba. Zai rantse miki da Allah cewa wani yaro ɗan shekara sha tara, wanda ko babbar gasa bai taka ba, nan da shekara uku babu kamarsa. Ya san tsawon yaron, ya san nauyinsa, ya san hannun da yake bugu da shi. Ki tambaye shi ajin da 'yarsa take, ki ga inda-inda.

Juma'a biyu Muftahu ya zo mini bayan masallaci, muka ci abinci, ido ɗaya a kaina ido ɗaya a waya. Shekaranjiya Laraba na ce bari in je in ga abin da ke riƙe shi. Na ɗauki sandata, na hau tasi zuwa inda suke zaman ataya, wato shan shayi, a Nima. Ba zan zalunce su ba, sun miƙe, sun ba ni kujera mai kyau, sun ba ni kofin farko. Na tarar suna kallon maimaicin wata gasa da ba abin da ake yi a cikinta sai hom-ron. Babu abokin hamayya. Mai jefo ƙwallon ma nasu ne, yana miƙo musu ita a hankali kamar uwa na ba jariri koko. A kan wannan ne magidanta bakwai ke ta da jijiyar wuya. Ƙasimu na cewa duk wanda ya ci gasar nan kafaɗarsa ta mutu sai baɗi, a sayar da shi tun da wuri. Wani na ce masa ya bari ya iya gyara ƙeya tukuna kafin ya yi maganar kafaɗa. Ni ina zaune ina tunanin ubannin da suka yi dako a kasuwar Agbogbloshie don waɗannan su yi karatu.

Can sai Muftahu ya matso, fuskarsa cike da fara'a, ya ce Kaka duba. Ya nuna mini wayar. Ƙungiyarsa ce, kuma sunan da ke kanta shi ne laƙabin da duk Maamobi ke kirana da shi, Baba Akawu, har da hotona da jar hula. Wai shekara shida ke nan da wannan suna, wai bana su ne na biyu, wai ya sa mata sunana ne saboda littattafan nan nawa da yake buɗewa yana yaro. Ya nuno mini hotunan samari biyu, ya ce tunda ƙungiyata ce, in zaɓa masa ɗaya.

Hajiya, a nan dole in koma baya. Bara matarsa Basma ta haifi ɗa namiji. Ba ni da ɗa, ba ni da wani jika. Kowa a unguwa ya ɗauka za a yi mini takwara, liman ma ya yi mini barka tun kafin suna, har na sa an ware mini rago. Ranar suna aka bugo waya, an sa wa yaro sunan uban matar. Ni ba mai roƙon takwara ba ne. Na sa aka mayar da ragon cikin garke.

To, da na ga sunana a kan wannan shirme, sai na faɗi abin da ya zo bakina. Na ce madalla, surukinka ya samu mai rai da numfashi, ni na samu hoto a waya. Na ce ka tsallaka teku shekara ashirin da biyu, abin da ka kawo shi ne kiwon mutanen da ba su san ka ba. Na ce wa abokansa su dube shi da kyau, ga makiyayin iska. Na ƙara da wasu, ban riƙe duka ba. Suka yi ta dariya, Ƙasimu har ya zubar da atayarsa. Muftahu bai yi dariya ba. Ya sa wayar a aljihu, ya riƙe hannuna har bakin titi, ya tsayar mini da tasi, ya ce Allah ya huta gajiya, Kaka.

Kowa ya san wasan kaka da jika. Nawa kakan har ya bar duniya ɓarawon ƙosai yake kirana, a gaban duk zango, ban taɓa fushi ba. In Amurka ta wanke masa wannan daga kai, laifina ne? Jiya Ƙasimu ya biyo ta ƙofata, ba wanda ya tambaye shi, ya ce an cire sunana da hotona, yanzu ƙungiyar ba ta da suna sai lamba, ta bakwai. Ban damu ba. Na faɗa miki ne kawai don ki san irin halinsa.

Tambayata ita ce, in tura masa liman ya koya masa ladabi, ko in ƙyale shi har ya gane da kansa? Domin ban ga inda tsoho mai shekara tamanin da ɗaya ke bin jikansa a kan wasan kulki ba. Sai dai likita ya ce zuciyata ba ta nan yadda take a da, kuma Muftahu sai bayan shekara huɗu ko biyar yake zuwa.

Na ajiye alƙalami bayan azahar, ina cewa zan ƙarasa in Muftahu ya zo ya tafi. Maƙwabciyata Sanatu ta kawo tuwo da miyar ayoyo na mutum biyu, kamar kowace Juma'a tun zuwansa. An yi la'asar, ga shi ana kiran magariba. Tuwon ya huce. Bai zo ba.

Tsohon akawu, Maamobi.

*

Baba, wa alaikumus salam, Allah ya ƙara sauƙi. Na tsallake wasiƙu huɗu na sa taka, saboda jirgin nan ba zai jira mu ba.

Zan fara da inda kake da gaskiya. Maganar takwara ba ƙaramar magana ba ce. Kai ne kaɗai ka rage masa daga wajen uwa, kuma ko da yana da dalilinsa na zaɓar surukinsa, ya kamata ya kira ka tun kafin ranar suna ya faɗa maka da bakinsa. Bai yi ba, kuma wannan kuskurensa ne. Besbol kuwa ni ma ban gane kansa ba, bayaninka ya ba ni dariya, ba zan ce ka so shi ba.

Amma abin da ka yi ranar Laraba ba wasan kaka da jika ba ne, kuma ina jin ka sani. Kakanka ya kira ka ɓarawon ƙosai ne domin babu komai a ransa game da ƙosai, kai ma kana da damar ka rama, ka ce masa tsoho mai ran ƙarfe, a yi dariya a tashi. Kai kuwa ka ɗauko abin da ya shekara yana cin zuciyarka, ka sa masa rigar wasa, ka jefa wa Muftahu a gaban abokansa, inda ba shi da halin amsawa. Ba Amurka ce ta hana shi dariya ba. Ya ji ka sarai, shi ya sa.

Ka sake karanta wasiƙarka. Littafi ashirin da uku ka cika da sunayen 'yan ƙwallon da kake ji a rediyo. Nawa ne cikinsu suka san an haife ka? Jikanka bai ɗauko wannan hali a Amurka ba, a akwatinka ya ɗauko shi, kuma ya faɗa maka haka. Sannan ka lura da shekarun. Shekara shida sunanka na kan ƙungiyar, jaririn kuwa bara aka haife shi. Ke nan ba ragowa aka ba ka ba bayan an ba wa suruki mai kyau. Mutum ne da ke tuƙi a garin da ba wanda ya san kakansa, ya sa sunanka da hotonka a inda idonsa ke kaiwa kullum. Tun shekarar da kakarsa ta rasu, in lissafina daidai ne. Ka ce ba ka damu da cire sunan ba. Baba, wanda bai damu ba ba ya riƙe lambar.

Kada ka tura liman. In ka yi haka Muftahu zai zo, ya durƙusa, ya ba ka haƙuri, ya koma Amurka, daga nan sai gaisuwar salla. Kada kuma ka zauna jiran Juma'a, guda ɗaya ta rage. Gwiwar da ta kai ka Nima don ka ga shirme za ta iya kai ka don ka ga jikanka. Ka je masaukinsa da hantsi, ku zauna ku biyu. Ba sai ka yi doguwar magana ba. Ka ce masa maganar sunan ta yi maka ciwo, kuma abin da ka yi masa gaban mutane ba daidai ba ne. Ka bar shi ya faɗi nasa, kada ka katse shi. Ka faɗa masa abin da likita ya ce, domin haƙƙinsa ne ya sani kafin ya hau jirgi.

Tunda kuma a gaban jama'a ka kunyata shi, ka koma wajen atayar nan sau ɗaya. Ka tafi masa da littafi guda daga akwatinka. In ya sake nuna maka samarin nan biyu, ka zaɓi ɗaya, ko da don kyan hularsa ne. Ƙasimu kuma ka yi masa duk ba'ar da kake so, shi zai iya ɗauka.

Abu na ƙarshe. Ka rubuta mini sunan Muftahu, da na Basma, da na mai aski, da na maƙwabciyarka. Sunan yaron nan ko sau ɗaya ba ka rubuta ba. Jinin 'yarka ne, ko sunan wa yake ɗauke da shi. In ka je, kafin komai, ka ce a nuna maka hotonsa, ka kira shi da sunansa, ka sa masa albarka.

Allah ya ba ka lafiya, Baba, ya sa Juma'ar da ta rage Sanatu ta dawo ta tarar da kwanonta babu komai.

Hajiya Bilkisu