Waƙar da Lujain Ba Ta Ƙarasa Ba

Tandabawi, Makka.

Zuwa ga jikata Lujain, amaryar da ta gudu ta bar ni da kaya.

Bayan gaisuwa mai yawa, ya aikin asibiti, ya gumin Dammam?

Tun kafin azumi na ji wata magana a shagon shayin Ma'aruf, wai kin samu wurin zama a can, Makka kuma sai dai ziyara. Na ce ban yarda ba. Mai tafiya ba dawowa ba ya barin jitarsa jingine a bayan kabad ɗin kakansa. Shi Ma'aruf tun muna yara a hanyar Abeshe, muna tahowa Makka, in ya ga kaza sai ya ce jimina ce.

To ga dalilin wasiƙata. Na ɗauko jitar. Gogewa na je yi, sai hannu ya zarce. Na jona ta da 'yar lasifikarki, na toshe kunnuwa da abin sauraren nan don kada limamin unguwa ya sauya min sahu. Da ƙuruciya na kaɗa garaya, amma ita tsirkiya biyu gare ta. Wannan shida ce, huɗun ban san me suke ci ba. Ki zaɓo min waƙoƙin rok ɗin naku da ɗan koyo zai fara da su. Ki kuma faɗa min kowacce taken wane ne, don ba na kaɗa wa mutum takensa ban san ubansa ba.

Kada ki ce in turo murya a waya. Uwarki ta tona miki asiri, wai akwai inda kike dannawa muryata ta riƙa zuba da gudu kamar ta ɗan kamasho. Bandar direba zai kawo miki wannan daga tashar Kudai.

Naki, tsohon ango,
Sabo.

*

Dammam.

Kakana, ina gaisuwa da girmamawa.

Wallah na karanta a ɗakin hutu, na yi dariya har wata nas ta leƙo. Kai da rok, Kaka?

Tayyib. Ka fara da masu tafiya a hankali, waɗanda riƙo uku ne kawai suke ta maimaitawa. Ka bar masu gudu tukuna, za su sa ka tsani yatsunka. Ka zaɓi wadda kunnenka yake so, don za ka ji ta har ta ishe ka. Na tura uku wayar Ummi. Yatsu za su yi zafi kafin su yi kanta, ka yi haƙuri.

Kuma ba taken kowa ba ne. Ya'ani waƙa ce kawai, ta kowa da kowa.

Shugul ya yi yawa a asibiti, shi ya sa gajere. Maganar Ma'aruf kuwa, ai ka san Ma'aruf.

Jikarka,
Lujain.

*

Tandabawi.

Amarya, na gaishe ki, na kuma ga yadda kika tsallake Ma'aruf kamar kwata.

Na saurari ukun. Ta farko kamar shagon walda. Ta biyu mutumin kuka yake, na tambayi uwarki Khadijatu me aka yi masa, ta ce matarsa ce ta tafi, na ce Allah ya ba mu haƙuri ni da shi. Ta ukun ba laifi, amma waƙar da ba ta da mai ita kamar akuyar kasuwa ce, ban san inda zan kai ta ba.

Sai na bi ɗayar shawararki, na zaɓi wadda kunnena yake so. Wadda kike kaɗawa bayan la'asar kin rufe ƙofa, kina zaton ina barci. Ba sai an tura min ita ba, tana nan a kaina tsaf, yadda na ɗauki tatsuniyoyin kakata. Ta hau, ta hau, ta tsaya cak, a yi shiru kamar na shan numfashi, a buga tsirkiya ɗaya da haushi, a koma farko. Wurin tsayawar nan ya fi ba ni wuya, amma na samu. Da tsirkiya biyu nake yinta, sauran suna kallo. Uwarki ta ɗauka a waya, za ta turo miki. Ita dai tana gama ɗauka ta fita daga ɗakin.

Wannan kam na san mai ita.

Sabo.

*

Dammam.

Kakana, barka da wuni.

Na ji. Na sake ji. Kaka, tsayawar nan ba ta cikin waƙar. Kuskurena ne. Ƙaramin yatsana ba ya kaiwa wurin, sai in ji haushi in koma farko. Waƙar tana ci gaba, akwai rabi guda da ba ka taɓa ji ba, ni ma ban taɓa kaɗa shi ba. Har haushin nawa ka koya daidai.

Ban san yadda zan rubuta sauran da Hausa mai kyau ba. Sun ba ni aikin dindindin, na karɓa. Na kama shigga, ya'ani gidan haya, kusa da asibiti. Zan riƙa zuwa da Idi, in an ba ni hutu. Na so in faɗa maka da bakina, na kasa.

Jitar taka ce. In kana so in turo cikakkiyar waƙar ka gyara.

Ka yafe min.
Lujain.

*

Tandabawi.

Lujain, Allah ya sa albarka a aikin, ya ba marasa lafiyarki sauƙi a hannunki. Babu abin yafewa.

Kada ki turo sauran. A gidan nan iyakarta ke nan. Ranar da kika zo ki zauna ki nuna min da yatsan naki, in ya yi tsawo.

Jiya na je shagon shayi na ce wa Ma'aruf ya yi gaskiya. Bai yi murna ba, ya dai ƙara min na'ana'a. Ashe kowa ya sani. Bandar ya faɗa min a fakaice, uwarki ta faɗa min da ido, duk na ce sai na ji daga mai tushe. To na ji. Wadda ta faɗa min a ƙarshe ita ce Lujain 'yar Khadijatu, ita kuwa ba ta taɓa yi min ƙarya ba.

Ki ci abinci.

Kakanki,
Sabo.