Ƙarfen da Ke Idona da Amsar Tafintanku

Guangzhou, 1998

Zuwa ga Shugaban Ƙungiyar 'Yan Kasuwarmu Mazauna Guangzhou,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ranka ya daɗe, na rubuto ne in gyara maganar da ka yi gaban jama'a bayan sallar Juma'a, cewa tsohon da ya zo jinya wurin ɗansa a unguwar Sanyuanli ya ga injin asibiti ya tsorata ya gudu. Ni ne tsohon. Ban gudu ba. Ƙin shiga na yi, kuma da dalili.

Na ɗaya. Ina fama da ciwo a ƙasan cikina ta hagu, da zazzaɓi. Likita yana zargin ƙananan aljihunan da ke fitowa a jikin babban hanji ne suka kumbura, ya ce a ɗauki hoto da na'urar MRI don a tabbatar. Na'urar nan maganaɗisu ce mai ƙarfin gaske, tana fizgar ƙarfe duk inda yake.

Na biyu. Ni ma'aikacin jirgin ƙasa ne mai ritaya. Tun ina matashi ɓarɓashin ƙarfe ya shige mini idon dama a bakin aiki, yana nan har yau.

Na uku. Tafintan da ƙungiya ta haɗa ni da shi harshen ciniki kawai ya sani. Ma'aikaciyar ɗakin hoton ta yi tambaya da Sinanci, ya ce mata "meiyo", wato babu, ko juyowa bai yi ba, yadda ya saba amsa wa mai shago a madadin baƙo. Sai da na karanta gargaɗin Turanci a ƙofa mai hana shiga da ƙarfe, na titsiye shi, sannan ya faɗi tambayar: ko akwai ƙarfe a jikina. Da na shiga, da wataƙila na rasa idon.

Ga ni nan har yau ba hoto, ba tabbacin cuta, alhali likita ya ce in hanjin ya ɓule sai tiyata.

Ina roƙo ka janye maganarka a inda ka yi ta, ka samo mini tafinta mai jin harshen asibiti in koma a nemi wata hanyar hoton, kuma ka hana kowa amsa wa likita a madadin marar lafiya.

Allah ya ƙara maka lafiya da adalci. Wassalam.

Injiniya Mamman Isyaku

Haɗe da wannan: takardar likita; gargaɗin ƙofar, da na kwafa da hannuna na fassara; da tsohon hoton idona. Farin ɗigon da ke ciki shi ne abin da tafintanku ya ce babu.