Rabin Baba

Lalala, daren Laraba, 1975

Yau Kawu Audu bai buɗe kanti ba, don ranar da Baba ya rasu a yaƙi ta zagayo. Ya dafa shinkafa da wake a kwanon da shi da Baba suke ci tare suna soja, ya ja layi a tsakiya da cokali. Kowace shekara sadaka yake yi da rabin Baba. Bana sai ya kira ni.

"Hajara, zo ki ci na babanki."

Na zauna kaina a sunkuye. Ni ban tuna fuskar Baba ba, kuma ina tsoron Kawu ya gane. Ban ji komai ba sai gishirin da ya yi yawa.

Ya ce, "Shi kullum sai ya tsallake layi, ɓarawon wake."

Ban san dalili ba, na miƙa cokali na ɗebo daga rabin Kawu. Ya buge mini hannu. "Kai, Sule!" Sunan Baba ke nan. Sai ya juya fuska bango.

Na cinye, na wanke kwanon. Har yanzu ban yi kuka ba. Bayan hannuna ne kawai yake zafi, kuma ba na so ya daina.