Ɗana Yana Haɗawa, Ni Ina Warwarewa

Malama, ki taimaka min da shawara, don na gaji irin gajiyar da barci ba ya maganinta. Ban yi makaranta ba, 'yata ce ke rubutawa, kuma na gargaɗe ta kada ta gyara min magana.

Gyaran kujerun kushin ne sana'ata tun ina saurayi. Yanzu da safe in na ɗauko makullin shago sai gabana ya faɗi. Kafaɗata ta dama ba ta ɗaguwa, ƙurar soso ta cika min ƙirji, abinci ma a tsaye nake ci. Ga masu kawo aiki, mutum ya zauna a kan kujera shekara goma sai ya zo yana son ta gobe.

Babban ɗana yana shagon, magidanci ne da 'ya'yansa. Shi ya kawo wata bindiga mai harba ƙusa, tas-tas-tas, kafin ka juya ya gama kujera. Wannan aiki ne? Ni da guduma na koya, ƙusa a baki, kana ja kana jin yadin a hannunka. Don haka duk kujerar da ya gama, in ya fita kai kaya, sai in kifa ta in zare ƙusoshinsa in sake bugawa da hannu. Ban taɓa faɗa masa ba, don ba na son surutu. Sunana ne a ƙofar, ba nasa ba.

To ranar nan ya manta wayarsa ya dawo, ya same ni da kujerar a kife. Ya ɗauki wayarsa ya fita. Tun daga nan yanka soso kawai yake yi, ya rataye bindigar, duk aiki ya dawo kaina. Gaisuwa ce kaɗai tsakaninmu. Uwarsa ta goya masa baya, wai na wulaƙanta shi. Ita wannan mai rubutun ma ga ta tana tura baki. Ba wanda ya ce min sannu.

Wani mai sayar da wayoyi yana son sayen shagon, kuma ƙarshen watan nan yake jiran amsa. Zuciyata ta ce in ba shi, kowa ya kama gabansa, su ga yadda duniya take in babu ni. In ba shi?

Tsoho Mai Kujeru

Baba, sannu. Ga shi na faɗa, kuma ka cancance ta. Gajiyarka ta gaske ce, kishin sunanka kuma ba laifi ba ne, shi ya riƙe shagon har yau.

Amma ka yi haƙuri da abin da zan ce. Ba sana'ar ce ta gajiyar da kai ba, kowace kujera sau biyu ake yin ta a shagonka. A wasiƙarka kuma ban ga inda wani ya dawo da aikin ɗanka yana ƙorafi ba. Ba ka taɓa barin ko ɗaya ta fita yadda ya yi ta ba, to ta ina ka san ba ta da ƙarko? Shi ma shirun nan da zuba maka ido kana fama bai kyauta ba, sai dai magidancin da ya gano mahaifinsa na warware aikinsa a ɓoye, ba ƙaramin ciwo ya ji ba.

Ka ce wa mai wayoyi ba wannan watan ba. Ba a sayar da shago cikin fushi. Ka je asibiti a duba kafaɗar da ƙirjin. Ka ware rana ɗaya a mako da ba za ka taka shagon ba. Sannan ka kira ɗanka, kai da shi kaɗai, ka ce ya sauko da bindigarsa. Ya haɗa kujera ɗaya a gabanka. In ka ga gyara, ka nuna masa da baki, hannunka a aljihu.

In bayan wata uku har yanzu hutu kake so, ka huta, ka yi naka. Amma makullin a hannun ɗanka za ka sa shi. Wani shagon ana samu a kowane titi, Baba. Ɗan da zai zauna kusa da kai yana yanka soso alhali ransa a ɓace, don kawai kada ya bar ka kai kaɗai, ba a samun sa haka nan.

Allah ya ba ka lafiya, ya sanyaya zukatanku. A gaida mai rubutu.